Masu Share wa Yaƙi Hanya: Injiniyoyin Sojan Kanada daga Vimy zuwa Kandahar

Kafin igwa ta yi ruri sai an kai ta inda za ta tsaya. Kafin a kai ta sai da hanya, in hanyar ta ci karo da kogi sai da gada, dokin da ke jan ta kuma sai ya sha ruwa. Wannan ɓangare na yaƙi ba a yi masa kirari, ba a kuma cika ɗaukar hotonsa ba, amma a tarihin sojan Kanada shi ne ya sha raba ranar murna da ranar makoki. Abin da nake gani a wannan tarihi shi ne, gwaninta ba ta taɓa yi wa injiniyoyin Kanada ƙaranci ba. Abin da suka yi ta rasawa shi ne ma'aikata nasu na kansu, da isasshen lokaci, da abin da zai kare jikinsu sa'ad da suke aiki a bakin bindiga. Kowanne daga ciki sai da jini ya zuba kafin manyan hafsoshi suka yarda su ba su.

Ita kanta Ottawa, babban birnin ƙasar, daga sansanin injiniyoyin soja ta tsiro. Bayan yaƙin 1812 da Amurka, Birtaniya ta ji tsoron a toshe mata kogin St. Lawrence, sai ta tura Laftanar Kanar John By ya haƙa hanyar ruwa ta Rideau, mai tsawon kilomita 202, tsakanin 1826 da 1832. Matsugunin ma'aikatansa shi aka fara kira Bytown. Waɗancan injiniyoyin Birtaniya ne. Kanada ba ta kafa tsayayyar rundunar injiniyoyi tata ba sai a 1903, kuma ƙarama ce ƙwarai. Ƙarfinta na gaske yana wajen bariki: masu haƙar kwal a Nova Scotia, masu fasa dutse a ma'adinan arewacin Ontario da British Columbia, masu sare itatuwa, da waɗanda suka ratsa duwatsun Rocky da layin dogo. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914 waɗannan aka sa wa kaki, kuma kafin a gama mutum fiye da 40,000 sun yi aiki a rundunar.

Fagen dagar yammacin Turai ya zama na ramuka, kowane ɓangare ya nutse a ƙasa ya shinge gabansa da waya mai ƙaya. Tun da ba a iya wucewa ta sama, sai aka koma bi ta ƙasa. A tudun Messines na Beljiyam, ranar 7 ga Yuni 1917, an tayar da manyan nakiyoyi 19 a ƙarƙashin Jamusawa kusan lokaci guda. Mafi girma, ta St. Eloi, mai nauyin fiye da tan 40, kamfanin haƙa na ɗaya na sojan Kanada, wato rukunin sojoji masu haƙar rami, shi ne ya dasa ta. Kamfani na uku kuma ya yi wata da watanni yana haƙa a ƙarƙashin tudun da ake kira Hill 60 kafin ya miƙa wa 'yan Ostireliya. A wannan aiki ba a ɗaga murya. Mutum yana kwance cikin duhu yana yanko yumɓu a hankali, wani yana gefe ya kafa kunne a bango, domin Bajamushe ma haƙa yake yi, kuma wanda ya riga jin ɗan'uwansa shi zai binne shi.

Wata biyu kafin nan aka yi yaƙin tudun Vimy a arewacin Faransa, yaƙin da 'yan Kanada suka fi alfahari da shi. Ranar 9 ga Afrilu 1917 manyan rundunoninsu huɗu suka kai hari tare a karon farko, suka ƙwace tudun da sojan Faransa suka yi asarar dubban rayuka a kansa ba su samu ba. Ana yawan ambaton yadda ruwan harsasan igwa ya riƙa tafiya a gaban sojan ƙasa taki bayan taki. Ba a cika ambaton cewa an shimfiɗa bututun ruwa fiye da kilomita 70 ba, don dawakai kusan 50,000 da mutanen da ke tare da su, ko ƙananan layukan dogo da suka riƙa kai harsashi da abinci cikin dare, ko hanyar katako da aka shimfiɗa inda ƙasa ta ƙi ɗaukar mota. An kuma huda dutsen alli aka yi dogayen hanyoyin ƙarƙashin ƙasa masu wutar lantarki, soja ya bi ta ciki har bakin daga ba tare da an gan shi ba. Adalci ne a faɗa cewa yawancin wannan haƙar kamfanonin Birtaniya ne suka yi ta. Duk da shirin nan, an kashe 'yan Kanada 3,598, waɗanda aka kashe da waɗanda aka raunata suka kai 10,602.

A Passchendaele, wani ƙauye a yankin Flanders na Beljiyam, a ƙarshen 1917, ne gurguncin tsarin aikin injiniyoyi ya fito fili. Luguden wuta na wata uku ya farfasa magudanan da manoman Flanders suka daɗe suna janye ruwa da su, ga ruwan sama, sai filin ya koma taɓo mai haɗiye doki da kayansa. Janar Arthur Currie, babban kwamandan rundunar Kanada, ya duba wurin ya ce zai ci masa mutum 16,000, ya kuma dage sai an ba shi lokaci ya gyara hanyoyi, ya yi wa igwogi dandamali. An ba shi kaɗan. Aka soma ranar 26 ga Oktoba, aka kama ƙauyen ranar 6 ga Nuwamba, asarar ta tsaya a 15,654.

Matsalar kuwa ga ta. A wancan lokaci kowace babbar runduna kamfanonin injiniyoyi uku take da su, kowanne mutum wajen 200, sai bataliya ɗaya ta masu diga da shebur. Sauran aikin ƙarfi aron sojan ƙasa ake yi. A taso mutumin da ya kwana uku a rami bai runtsa ba, a ɗora masa katako, a ce ya bi wani Saje da bai sani ba cikin duhu. Hafsansa ba ya son aikin domin gobe da waɗannan mutanen zai kai hari. Injiniya ba shi da iko a kansu, kuma waɗanda aka ba shi yau ba su za a ba shi gobe ba. Sakamakon haka hanya ba ta gyaru da kyau ba, sojan ma bai huta ba. Kayan aro ba ya rufe katara.

Currie da babban injiniyansa, Manjo Janar William Lindsay, suka sauya tsarin a 1918. Aka narkar da bataliyoyin diga da shebur cikin injiniyoyi, aka ƙara mutane, kowace babbar runduna ta samu birged ɗin injiniyoyi mai bataliya uku, kowacce da mutum wajen 1,000, da sashe na musamman mai ɗaukar kayan gada. A ganina babu wata shawara da rundunar Kanada ta yanke a wancan yaƙi da ta fi wannan amfani, ko da yake ba ta da armashi a baki. Kuma ba kyauta aka same ta ba: mutanen da aka ba injiniyoyi, wasu hafsoshin sun so a ba su bindiga ne.

Amfaninta ya bayyana a Canal du Nord, wata hanyar ruwa a arewacin Faransa, ranar 27 ga Satumba 1918. Jamusawa sun malala ruwa a yawancin yankin, sai wani tsiri da bai kai kilomita uku ba inda ba a ƙarasa haƙar hanyar ruwan ba, ƙasa a bushe. Currie ya yanke shawarar cusa dubun dubatar mutane ta wannan ƙofa, su bazu a ƙetare. Kasada ce babba, domin da igwogi sun maƙale a baya, da sojan da suka haye sun zama nama. Injiniyoyi suka bi sahun farko, suka sassare gaɓa suka yi gangara, suka kafa gadoji ana harbinsu, a ranar aka ƙetarar da igwogi aka kama dajin Bourlon.

Bayan kwana goma sha ɗaya, daren 8 zuwa 9 ga Oktoba, Kyaftin Coulson Norman Mitchell, ɗan Winnipeg, ya shige gaban sojan ƙasa da 'yan mutane kaɗan zuwa gadojin Canal de l'Escaut kusa da Cambrai, domin hana Jamusawa rusa su. Ta farko ya tarar an riga an tayar da ita. A ta biyu ya yanke wayoyin nakiya. Ya ruga ya haye babbar gadar cikin duhu bai san ko mutum nawa ke jiran sa a can ba, ya tarar an cika ta da nakiya. Shi da Sajensa suna cikin yankan waya sai Jamusawa suka taso. Ya koma wajen mai gadinsa da aka raunata, ya kashe uku, ya kama 12, ya riƙe bakin gadar har agaji ya iso, sannan ya koma kan wayoyinsa, alhali ya san ana iya tayar da ita kowane lokaci yana kai. Shi kaɗai ne injiniyan sojan Kanada da ya taɓa samun Victoria Cross, lambar bajinta mafi girma.

Akwai waɗanda tarihin ya daɗe yana tsallakewa. Baƙaƙen fatar Kanada da suka je shiga soja a farkon yaƙin an yi ta korarsu daga ofisoshin ɗaukar kurata. Da matsin lamba ya yi yawa, a Yuli 1916 aka kafa musu bataliyar gine-gine ta biyu a Pictou, Nova Scotia, hafsoshinta duk farare in ban da limaminta, Rabaran William White. Mutum fiye da 600 suka tashi daga Halifax a Maris 1917, aka kai yawancinsu duwatsun Jura na Faransa, suna gyaran hanya, suna jan ruwa, suna yankan katakon da ake shimfiɗa wa daga. An ba su aikin da yaƙi ba ya yiwuwa sai da shi, amma an ba su ne domin ana ganin ba su isa riƙe bindiga ba, wanda ya nuna raini biyu, ga mutanen da kuma ga aikin. Sai ranar 9 ga Yuli 2022 Firaminista Justin Trudeau ya nemi gafarar zuriyarsu a Truro, bayan duk sun mutu.

Yaƙin Duniya na Biyu ya fara musu ne da aikin farar hula cikin kaki. Daga ƙarshen 1940 masu fasa dutse na Kanada suka shiga dutsen Jibralta da injin huda mai bakin lu'ulu'u, wanda suka saba da shi a ma'adinan gida, suka fafe ɗakuna a cikinsa har da asibiti. A 1941 wasu suka je tsibirin Spitsbergen suka lalata ma'adinan kwal don kada Jamus ta mora. A 1942 suka gina filin jirgin sama na Dunsfold a Ingila cikin wata biyar.

Sai harin da aka kai ta teku kan Dieppe, garin bakin teku a Faransa da ke hannun Jamusawa, ranar 19 ga Agusta 1942. Cikin 'yan Kanada 4,963 da suka tafi, an kashe 907, an kama 1,946. An tsara cewa injiniyoyi za su sauka tare da tankoki, su fasa katangun kankaren da suka toshe titunan shiga gari. Suka sauka a fili fetal, kowa da nakiya a bayansa, bindigogi masu jigida na kallon su daga tsaunukan gefe biyu. Aka kakkaɓe su kafin su isa katangun. Tankoki 15 sun haye bangon bakin teku, amma ko ɗaya ba ta shiga garin ba. Ban yarda da masu cewa darasin Dieppe ya biya kuɗin jinin da aka zubar ba, domin ba sai an kashe ɗaruruwa ake gane cewa mutum mai ɗauke da nakiya ba zai ratsa ruwan harsashi da ƙafa ba. Amma gaskiya ne wani abu ya fito daga ciki. Wani Laftanar na injiniyoyin Kanada, John Denovan, ya kawo shawarar a ɗauki tankar Churchill, wadda take da ƙofofi a gefe, a kwashe kayan cikinta, a sa injiniyoyi da nakiyoyinsu, a ɗora mata gajeriyar igwa mai jefa dunƙulen nakiya na kilo 18 kan kankare. Ranar 6 ga Yuni 1944 irin waɗannan tankoki, injiniyoyin Birtaniya na tuƙa su, sun sauka tare da 'yan Kanada a gaɓar Juno, a Normandy ta Faransa. Ko a ranar ma teku ta cika da wuri ta rufe turakun ƙarfe masu nakiya, dole wasu suka yi aikin da hannu, ruwa iya ƙirji.

Italiya kuwa ƙasar gada ce. Koguna suna gangarowa daga duwatsu ɗaya bayan ɗaya, Jamusawa kuma ba su bar gada a tsaye ba in za su ja da baya. Abin da ya ceci tafiyar shi ne gadar Bailey, wadda wani ma'aikacin gwamnatin Birtaniya, Donald Bailey, ya zana. Sassa ne na ƙarfe, kowanne tsawon mita uku, nauyin kilo 260, mutum shida ke ɗaukarsa. Ana haɗa su da ƙusoshi a wannan gaɓa, a tura gadar kan gangarori har hancinta ya taɓa waccan, babu buƙatar injin ɗaga kaya. In ana son ta ɗauki tanka sai a ninka sassan gefe da gefe ko a ɗora wani kan wani. A kogin Moro, Disamba 1943, sai da direban katafila ya cike wani kwazazzabo ana yi masa ruwan wuta kafin tankoki suka haye zuwa San Leonardo. A garin Ortona kuma, da tituna suka zama tarko, sai aka koma fasa bangon ɗaki da nakiya a shiga gidan maƙwabci, gida bayan gida. Nan fuskar aikin ta biyu ta bayyana. Jamusawa sun rusa wani gida a kan gungun sojan Edmonton, mutum ɗaya aka zaƙulo da rai bayan kwana uku. 'Yan Kanada suka rama da irin wannan. Hannun da ya iya gini shi ya fi sanin inda za a sa nakiya gini ya zube.

In aka ce in zaɓi dare ɗaya daga tarihin nan, na 25 zuwa 26 ga Satumba 1944 zan ɗauka. Sojan laima na Birtaniya, wajen 10,000, sun sauka kusa da Arnhem a Holan don kama gadar kogin Rhine, abin ya ci tura, ragowarsu suka maƙale a Oosterbeek, kogi a bayansu. Aka tura kamfanonin injiniyoyi huɗu su kwaso su, biyu na Birtaniya da jiragen da ake tuƙawa da filafili, biyu na Kanada, na 20 da na 23, da jiragen katako masu inji. Ana ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Sai da suka ɗauki jiragen a kafaɗa suka haura ganuwa biyu ta tare ambaliya, ƙasa na santsi. A can ƙetare sojan laima sun naɗe takalmansu da tsumma, suna bin farin ƙyalle da aka ja cikin daji, kowa riƙe da rigar na gabansa. Ruwan kogin yana da ƙarfi, yana janye masu filafili daga inda suka nufa, don haka yawancin aikin ya faɗa kan kamfani na 23 ƙarƙashin Manjo Michael Tucker. Injuna suna jiƙewa suna mutuwa a tsakiyar kogi, makanikai a bakin gaɓa suna gyara suna mayarwa. Suka yi ta kai da komo har gari ya waye, Jamusawa suka fara ganin abin harbi. An tsallakar da mutum wajen 2,400, kamfanin ya rasa bakwai, wasu ɗaruruwa kuma aka bar su a gaɓa aka kama. Bambancin da ke tsakanin kamfanonin nan ba na jarumta ba ne, na inji ne. Wata shida bayan nan injiniyoyin Kanada suka shimfiɗa gadar Blackfriars a Rees, mai tsawon wajen mita 550, a kan babban kogin Rhine.

Bayan 1945 sun karɓi kula da babbar hanyar Alaska a 1946, sun je Koriya a 1951, sannan aikin ya karkata zuwa tono abin da wasu suka binne. A Kuwait bayan yaƙin 1991, da kuma tsohuwar Yugoslabiya, nakiyar ƙasa ce abokiyar gabarsu. Kofur Mark Isfeld, wanda yake raba wa yara 'yan tsanar da mahaifiyarsa ke saƙawa, nakiya ta kashe shi a Kuroshiya ranar 21 ga Yuni 1994. A Disamba 1997 ƙasashe 122 suka sa hannu a Ottawa kan yarjejeniyar haramta nakiyoyin da ake binne wa mutane, bisa jagorancin ministan harkokin waje Lloyd Axworthy. Najeriya da Nijar da Chadi duk suna ciki, Amurka da Rasha da China ba su shiga ba. Yarjejeniyar ta ɗaure gwamnatoci, ba ta ɗaure mai haɗa bam a jarka ba, kamar yadda mutanen Borno da Yobe da Diffa suka sani sarai.

Irin wannan bam ne ya fi kashe sojan Kanada a Afganistan, inda suka rasa 158. Bayan farmakin Medusa a Satumba 2006 a yammacin Kandahar, injiniyoyi suka yanka wata sabuwar hanya da suka sa wa suna Summit ta cikin gonakin inabi, don motoci su daina bin lungunan da ake yi musu kwanton ɓauna, kuma an kashe sojoji wajen gadin aikin. A wannan karo suna da motoci masu sulke, da mutum-mutumin kwance bam, da na'urar gano ƙarfe, wato kusan duk abin da magabatansu suka rasa. Amma yaƙin ya sauya. A Canal du Nord in an haye an haye, abokin gaba ya koma gaba. A gundumar Panjwayi ta Kandahar kuwa hanyar da aka share da safe ana sake binne mata bam da dare, kuma sau da yawa mai binnewar ɗan ƙauyen da hanyar ta ratsa ne, wataƙila ma gonarsa ta ci. Wannan ba matsalar da injiniya zai warware ba ce, ta 'yan siyasar da suka tura shi ce, su kuma ba su warware ta ba. Kanada ta daina yaƙi a Kandahar a 2011, ta janye sojanta na ƙarshe daga ƙasar a 2014, a Agusta 2021 kuma Taliban ta karɓe lardin da hanyoyin da aka shimfiɗa a cikinsa.